Jitar bas a bukukuwan Jidda: kayan da za ka saya da yadda aikin yake

Tambaya: Ni matashi ne mazaunin Jidda. Shekara biyu ke nan ina koyon jitar bas, mai ba da ƙasan sauti a kiɗa, da ta aro, yanzu wata ƙungiya da ke kiɗa a bukukuwan Hausawa da 'yan Sudan, wani lokacin har da na Larabawa, ta ce in shigo. Na tara riyal 3,000. In sayi mai tsirkiya huɗu ne ko biyar? Dole sai da babban amfilifaya? Kuma me zan tarar a aikin?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan hanya. Abin da zai sa shugaban ƙungiya ya ci gaba da kiran ka shi ne sautinka ya isa miksa, na'urar da ke haɗa sautin kowa ta tura wa lasifika, tsaf, babu gurnani, babu ƙara, kuma kada ya ɗauke ana tsakiyar waƙa amarya na shigowa. Duk riyal ɗin da za ka kashe ka auna shi da wannan ma'aunin. Shawarata ita ce kusan rabin kuɗin ya tafi kan jita, sauran a raba shi kan akwatin DI (ɗan akwatin da ke haɗa jita da miksa), na'urar saita tsirkiya, wayoyi biyu masu kyau, jaka mai kauri, tsirkiya sabuwa da ladan mai gyara. Amfilifaya shi ne na ƙarshe, zan faɗi dalili a gaba. In kana duba farashi a intanet da dala, ka ninka da 3.75, ka ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin kawowa, sannan ka san gaskiyar kuɗin.

Mu fara da yawan tsirkiya. Mai huɗu tana tafiya Mi, La, Re, Sol (sunayen sautuka ne a jerin Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si), kuma mafi ƙasan sautinta shi ne Mi, mai kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Mai biyar ta ƙara Si a ƙasa, wajen sau 31. Amfaninta a aikin biki a fili yake: mawaƙi ya ce muryarsa ta gaji a sauke waƙar zuwa Re ko Do, kai kuma kana da waɗannan sautuka a ƙasa ba tare da ka hau sama ka bar gindin kiɗan wayam ba. Matsalar ita ce a jita mai araha tsirkiyar Si takan yi sako-sako, ta riƙa yin lugub, kuma yawancin lasifikan da ake haya a istiraha, wato gidajen da ake kamawa don biki, ba sa iya fitar da sau 31 ɗin ma. Da kuɗin da ke hannunka, huɗu mai nagarta ta fi biyar mai rauni. Amma in ka samu mai biyar, ka gwada ta haka: buga Mi a sake, sannan ka danna tsirkiyar Si a gaɓa ta biyar (gaɓoɓi su ne matakan da ƙarafa suka raba a wuyan jita), wato Mi ɗin dai. In ƙarfinsu da tsabtarsu sun yi kusa, ɗauke ta. In na biyun ya fito kamar ana magana cikin tulu, ajiye ta.

Sai fikof, maganaɗisun da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya. Salo biyu ne suka mamaye duniya, dukansu daga kamfanin Fender: Precision da ta fito a 1951, da Jazz da ta biyo baya a 1960. Fikof ɗin Precision, irin wanda aka raba biyu tun 1957, yana kashe gurnanin lantarki da kansa. Na Jazz guda biyu ne, kowanne shi kaɗai yana jawo gurnani, sai an buɗe su duka daidai wa daida sannan su kashe na juna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zaurukan bikinmu, inda fitilu masu walƙiya da manyan alluna masu haske suka kewaye dandamali. Saboda haka na fi son mai farawa ya nemi salon Precision, ko wadda ta haɗa biyun. Yamaha a jerin TRBX da BB, Squier, Ibanez a jerin SR, Cort da Sire duk suna da jitocin da za su yi maka shekaru. Kada sunan da ke kan jita ya ɗauke maka hankali daga wuyanta.

Akwai masu batir a ciki da marasa batir. Mai batir tana ba ka iko kan ƙasa da sama a hannunka, amma batirin bolt 9 ɗin nan yana fara ci ne da zarar an soka waya, ko ana kiɗa ko ba a yi. Ka bar waya a soke kwana da kwanaki a ɗaki, ranar biki sai ka ji sauti yana kakkaryewa kamar lasifika ta yage. In za ka sayi mai batir, nemi mai maɓallin da ke mayar da ita marar batir nan take. Ka liƙa ɗan tef a murfin batirin ka rubuta ranar da ka sa shi.

Ta hannu ba aibu ba ce, a Haraj, kasuwar kayan hannu, ana samun masu kyau, sai dai kada ka biya sai ka riƙe ta. Ka ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa jiki kamar mai duba miƙewar katako. Lanƙwasa kaɗan gaba ana gyara ta, amma wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa, ba ya gyaruwa da araha. Ka sa alanki a sandar ƙarfen da ke cikin wuya ka tabbatar tana juyawa dama da hagu. Ka danna kowace gaɓa a kowace tsirkiya, ka girgiza waya a bakinta ka ji ko za ta yi ƙaraf-ƙaraf. Ka kuma rataya ta minti goma. Bas takan kai kilo huɗu zuwa huɗu da rabi, kuma abin da hannu ya raina a shago kafaɗa za ta san shi ƙarfe biyun dare. Maratayi mai faɗin santimita bakwai ko takwas yana raba nauyin.

Yanzu ga inda masu kiɗan Jidda suka fi asara, wato yanayi. Iskar Bahar Maliya tana ɗauke da laima da gishiri. Ka fito da jita daga zauren da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya sanyaya zuwa waje a daren watan Agusta, ka duba jikinta: za ka ga raɓa ta kwanta a kan fenti, ƙarafan sun jiƙe, kamar kwalbar da aka ciro daga firiji. Wannan ruwan yana shiga sukurorin jaki, wato gadar da tsirkiya ke hawa a ƙasa, yana shiga bakin waya da maɓallan sauti. Bayan 'yan watanni sai ka ga tsatsa ja a sukurori da wani kore-kore a gefen ƙarafan gaɓa. Maganinsa mai sauƙi ne: ka sa jita cikin jaka ka zuge tun kana cikin sanyi, in ka isa wani wuri ka bar ta a rufe minti ashirin kafin ka buɗe. Ka jefa ƙunshin silika biyu ko uku a jakar. Katakon jita ya fi son laima tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari.

Mota kuwa kabarin jita ce. Motar da aka rufe a rana a nan cikinta yana wuce digiri 60. A wannan zafi gam yana saki, robar gaban jita tana kumbura, wuya yana canja tsayuwa, batir yana iya zubar da ruwa. Ko sallah za ka shiga, ka nemi inda za ka ajiye ta a inuwa. In aiki ya kai ka Riyad ko Madina, inda iska ta bushe, katako zai tsuke, bakin ƙarafan gaɓa su ɗan leƙo su riƙa kartar hannu, tsirkiya ta ƙara nisa da wuya. In ka dawo Jidda katakon ya sha laima, wuya ya koma baya, gaɓoɓin farko su fara zizza. Ba lalacewa ba ce, saiti take nema, kuma gara ka iya da hannunka.

Ga yadda ake yi. Saita tsirkiya tukuna. Danne tsirkiyar Mi a gaɓa ta ɗaya da matsi ko hannun wani, ka danne ta kuma a gaɓa ta ƙarshe, sai ka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfen gaɓa ta takwas. Abin da ake so wajen milimita 0.3 ne, kaurin ƙaramin katin takarda. Katin banki kaurinsa milimita 0.76, don haka in ya shige ba tare da ya taɓa tsirkiya ba, lanƙwasar ta yi yawa. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyi, ka juya sandar wuya dama kwata ɗaya na zagaye, kada ka wuce haka, ka sake saitawa, ka ba katako awanni ya zauna kafin ka ƙara. In babu rata sam, hagu za ka juya. In ka ji ta cije, tsaya, kai wa mai gyara, domin sandar da ta karye ta fi ƙarfin aljihunka. Ka lura da alanki: jitocin Asiya galibi na milimita suke so, na Amurka na inci, kuma alankin da bai zauna daram ba shi ke cinye bakin notin. Bayan wuya sai tsayin tsirkiya a jaki: a gaɓa ta goma sha biyu, wajen milimita 2.4 ƙarƙashin Mi, 2 ƙarƙashin Sol. Mai dukan tsirkiya da ƙarfi ya ɗan ƙara. Na ƙarshe, ka kwatanta tsirkiya a sake da sautinta a gaɓa ta goma sha biyu. In na dannen ya haura, ja sirdin jakin, ɗan ƙarfen da tsirkiyar ke zaune a kai, baya, in ya gaza, tura shi gaba. Wuya, tsayi, sannan wannan, kada ka sauya jerin.

Tsirkiya ka fara da nikel mai lamba 45 zuwa 105. In hannunka mai gumi ne, masu rufin roba irin Elixir sun fi tsada amma sun fi jure Jidda. Masu santsi, waɗanda aka naɗe da ƙarfe shimfiɗaɗɗe, suna ba da sauti mai kauri da laushi da ke zama daram a waƙoƙin Sudan, kuma suna daɗewa ƙwarai. Idan ka canja, kada ka zubar da tsofaffin, ka naɗe su a jaka don ranar tsautsayi.

To, amfilifaya. A bukukuwa da yawa a nan maza da mata a rabe suke, kuma sau da dama ƙungiyar maza tana wani ɗaki ko bayan labule ana tura sauti ta waya zuwa zauren mata. A irin wannan aiki ba wanda zai ji amfilifayarka sai kai. Abin da jama'a ke ji shi ne abin da ya shiga miksa, kuma ƙofar miksa ita ce akwatin DI. Aikinsa ya karɓi sautin jita ya mayar da shi irin wanda zai bi doguwar waya mai baki uku, XLR, ba tare da ya kwashi ƙara a hanya ba. Wayar jita ta yau da kullum in ta wuce mita shida takan fara cinye saman sauti tana jawo gurnani, XLR kuwa tana tafiya mita talatin lafiya. Ka mallaki naka, kada ka dogara da na mai haya. Wanda ya haɗa da gyaran sauti, irin SansAmp na kamfanin Tech 21, zai ba ka sautinka iri ɗaya a kowane zaure. Wasu suna cin wutar bolt 48 da miksa ke turowa ta wayar, sai ka gaya wa mai miksa ya kunna ta a layinka. Akwai ɗan maɓalli da aka rubuta wa Ground Lift: in ka haɗa komai ka ji ƙugi mai ɗorewa, danna shi, yawanci nan take zai ɗauke.

Don ka ji kanka, ƙaramin amfilifaya mai wat 100 ya isa, irin Fender Rumble 100 da bai wuce kilo goma ba sosai, ko kuma abin sawa a kunne da ke karɓa daga miksa. Sai lokacin da aiki ya kai ka fili ko kusa da mai ganguna mai ƙarfin hannu za ka buƙaci wat 300 zuwa 500. In ranar ta zo, ka san lissafin om, ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. Yawancin kawunan zamani, wato amfilifayar da ke rabe da akwatin lasifikarta, ba sa ɗaukar ƙasa da om 4. Akwatin lasifika biyu masu om 8 in an haɗa su sun zama 4, lafiya lau. Biyu masu om 4 sun zama 2, kan zai yi zafi ya kashe kansa ko ya ƙone. Kan da aka rubuta wa wat 500 a om 4 yakan ba da wajen 300 ne a akwati ɗaya mai om 8. Kuma kada ka taɓa haɗa kai da lasifika da wayar jita, siririn zaren cikinta ba a yi shi don wannan wutar ba.

Wutar Saudiyya bolt 230 ce mai bugu 60, amma tsofaffin gine-gine a unguwanni irin su Hindawiyya da Sabil har yanzu akan tarar da soket na 127 kusa da na 220. Ka karanta bayan kowace na'ura. In an rubuta 100 zuwa 240, ko'ina za ta yi. In daga Amurka aka kawo ta an rubuta 120 kawai, soka ta a 230 ƙarshenta ke nan. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne rashin wayar ƙasa. Tsirkiyoyin bas a haɗe suke da ƙasan na'ura ta jaki, don haka in wuta ta zurare a wani wuri, kana riƙe da tsirkiya leɓenka ya taɓa makirufo, ta jikinka za ta bi. In ka ji ɗan tsikari a yatsa ko a leɓe, dakata a nemo dalili. Kada ka yarda wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don a kashe gurnani. Ka ɗauki wuta daga layin da miksa ke sha, ka nisanci layin mukayyif da na fitilu.

Zaurukan nan masu daɓen marmara da bangon gilashi suna tara ƙasan sauti har kiɗa ya zama curi guda. Idan ba ka jin kanka, kada hannunka ya tafi kan maɓallin ƙasa. Rage sautin da ke kaɗawa wajen sau 200 zuwa 300 a daƙiƙa, ƙara kaɗan wajen 700 zuwa 800, ka roƙi mai miksa ya yanke abin da ke ƙasa da 40. Kai kaɗai za ka ji kamar sautin ya rame, amma cikin ƙungiya a nan ne kowane bugu zai fito da fuskarsa.

Kiɗan kansa yana da tarko biyu da darussan intanet ba sa koya wa mutum. Na farko shi ne mai fiyano, wanda a nan ake ce wa org. Na'urarsa tana da bas nata da ke bin hannun hagu. In bai kashe shi ba, ku biyu za ku riƙa taka ƙafar juna, sauti ya dagule, kuma kai za a zarga. Ku yi wannan magana cikin mutunci tun a wurin gwaji. Ka tambaye shi kuma ko ya taɓa maɓallin sauya mataki, domin yana iya ce maka Do alhali abin da ke fita Si ne. Kunnenka za ka bi.

Na biyu shi ne maƙam, wato jerin sautukan da ake gina waƙar Larabawa a kai, irin su Rast da Bayati. Waƙoƙin Hausa da na Sudan galibi kan sautuka biyar suke tafiya, da yawansu kuma a tafiyar 6/8, don haka jitarka tana da duk abin da suke nema, aikinka shi ne ka zauna da mai ganga ku zama abu ɗaya. Waƙoƙin Larabawa kuwa suna da sautin da ya faɗo tsakanin gaɓa da gaɓa. A Rast da aka gina kan Do, Mi ɗinsa da Si ɗinsa an sauke su kwata, a Bayati kan Re ma Mi ɗin haka yake. Jita mai ƙarafan gaɓa ba ta da su. Ka buga Mi cikakke a Rast, duk zauren zai ji wani abu ya karkace. Ka tsaya kan tushe da na huɗu da na biyar: a Rast, Do, Fa, Sol, a Bayati, Re, Sol, La. Kurd, Nahawand da Ajam ba su da wannan matsala a kan jitarka. Sika ce mai wuya, domin tushenta kansa kwata ne, a nan ko dai ka danna gaɓar ƙasa ka ɗan ja tsirkiya ta hau, ko ka rage bugu ka bar wa org. Jita marar ƙarafan gaɓa tana warware wannan duka, amma sai kunne ya nuna, ba ita ce ta fari ba.

Aikin na dare ne. Ka isa wuri da wuri a gama gwajin sauti kafin isha'i, domin biki ba ya ɗaukar zafi sai sha ɗaya ta wuce, ya kai biyu ko ukun dare. Ka ci abinci kafin ka fito, walima takan yi latti. Aiki yana yawa bayan ƙaramar sallah da lokacin hutun makarantu, yana tsayawa cik a azumi, saboda haka abin da ka samu a Shawwal ka tuna akwai watan da waya ba za ta yi ƙara ba. Kada ka bar sana'ar rana da wuri. Maganar kuɗi a gama ta kafin ranar: nawa, awa nawa, wa zai ɗauki nauyin mota in Makka ne ko Ɗa'if, nawa ne ƙarin awa. A rubuta a WhatsApp, a karɓi kafin alƙalami, abin da ake kira arbun. Kunyar tambaya a gaba ita ke haifar da rigima a bakin ƙofa da asuba.

Akwai kuma doka. Tun da aka kafa hukumar nishaɗi a 2016 da hukumar kiɗa ƙarƙashin ma'aikatar al'adu a 2020, ƙofofi sun buɗe, ana kiɗa a gidajen abinci da manyan taruka irin su Mausim Jidda, kuma ma'aikatar tana ba da lasisin masu sana'ar al'adu ta dandalin Abde'a. Amma in iƙama, katin izinin zaman baƙo, kake riƙe da ita, aikin kuɗi a wajen wanda ya ɗauke ka laifi ne a dokar ƙwadago, hukuncinsa yana iya kaiwa ga tara da kora. Ka binciki matsayin takardunka, ka yi magana da kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka, kafin ka hau dandamalin da za a ɗauke ka bidiyo.

Kunnenka ka tsare shi tun daga daren farko. Ƙarar desibel 85 ana jure ta awa takwas, duk ƙarin uku yana raba lokacin biyu, a 100 minti goma sha biyar ne kacal, kuma gefen ganguna da lasifika a biki yana kaiwa can. Ka sayi toshen kunne na mawaƙa, mai rage ƙara ba tare da ya dushe sauti ba. Ƙarar siririya da kake ji a kunne bayan ka kwanta alama ce an yi ɓarna, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Jakarka kada ta rabu da waya ta biyu, batir biyu, tsohuwar tsirkiya, alanki, sukundireba, tef baƙi, ƙaramar tocila, fulogi mai sauya baki da fiyus na ajiya. In an tashi, kafin ka gaisa da kowa, zare waya daga jita, ka sa busasshen tsumma ka goge kowace tsirkiya sama da ƙasa har ƙarƙashinta, ka goge bayan wuya da jaki, ka zuge jaka tun kana cikin sanyi. In ka isa gida, komai gajiya, ka hau da ita ɗaki.